Kayan Zaƙin Salla da Wahalar Jajibiri a Falgore

Maganar yau a kan kayan zaƙin Salla ta ke, da irin wahalar da mata da magidanta su ke ɗora wa kansu saboda su. Misalin kuwa daga Falgore za a ɗauko shi, watau Falgoren ƙasar Rogo, maƙwabciyar Karaye, ba Falgoren dajin nan na hanyar Jos ba. Abin da ya sami Falgore shi ne ya sami sauran garuruwan wannan yanki, su Zarewa da Fulatan da Beli da Ruwan Bago, saboda haka duk wanda ya karanta zai ga gidansu a ciki.

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta shigo daga birni ta zauna daram. An wayi gari gidan da bai soya cincin mai ƙwai da bota da madarar gwangwani ba, bai kuma gasa kek ba, sai a ce bai yi Salla ba. Alkaki da nakiya da gireba da dakuwa da kantun riɗi, waɗanda iyaye da kakanni suka girma a kansu, an mayar da su kayan tsofaffi, ba a tunawa da su sai ranar kai gara. Wannan musanya kuwa ba ta da riba ko kaɗan. An saki abu mai arha, mai jure ajiya, wanda yawancin kayansa daga gonar gida su ke fitowa, an kama abin da ke cin kuɗi, wanda wani daga cikinsa ba ya kwana uku, kuma saboda haka ba a iya yinsa sai a daren jajibiri, daren da mace ta fi kowane dare gajiya a shekara.

Sai mai karatu ya fara duban lokacin da Salla ta ke faɗowa. Kowa ya san watan Musulunci yana ja da baya da misalin kwana 11 kowace shekara in an gwada shi da watan Turawa. A 2023 an yi Ƙaramar Salla ran 21 ga Afrilu, a 2024 ran 10 ga Afrilu, a 2025 kuwa ran 30 ga Maris. Watau dai cikin tsakiyar zafin bazara, sa'ad da ma'aunin zafi ya kan kai 40 a ƙasar Kano. A wannan lokaci ciyawa ta bushe, shanun da ba su yi kudu ba sun rame, nono ya yi ƙaranci a ruga, man shanu ya yi tsada. Zabi ba su fara ƙwai ba, gama sai ruwa ya sauka su ke yi, kaji kuwa zafi ya rage musu, ɗan wanda suka yi ma ba ya daɗewa bai lalace ba. Ashe ke nan abubuwan nan uku da sabuwar al'ada ta ke nema, ƙwai da madara da mai na dabba ko madadinsa, su ne daidai abubuwan da ƙasar ba ta da su a wannan wata. Dole sai an sayo su daga kanti, na kanti kuwa daga kasuwar Singa ta Kano ya ke zuwa, da kuɗin motarsa a kansa.

Babbar Salla kuma ta fi haka tsanani ga manomi. Ta faɗo ran 28 ga Yuni a 2023, ran 16 ga Yuni a 2024, ran 6 ga Yuni a 2025. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya a ƙasar Rogo ya san abin da watan Yuni ya ke nufi: shuka, da kuɗin huɗa, da maganin ciyawa, da uwa uba takin zamani, wanda masara ba ta yin komi in babu shi. Kuɗin da aka kashe a kan katon ɗin bota a watan Maris, da wanda aka kashe a kan lemon kwalba a watan Yuni, daga aljihu ɗaya su ke fita da kuɗin buhun taki. Magidanci ya kan buɗe rumbu ya fitar da buhun masara ya kai kasuwa don a yi fitar kunya ta kwana biyu, sa'an nan in Agusta ta yi, hatsi ya yi tsada, ya koma kasuwar nan yana awon kwano-kwano. Ba banza ba Hausawa su ke cewa Salla ta wuce ta bar wawa da bashi.

Ga kuma abin da ya auku ga kuɗin kansa. Ran 29 ga Mayu 2023 kowane ɗan Nijeriya ya san da ita, gama a ranar ne aka janye tallafin man fetur, bayan 'yan makonni kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Zuwa tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar kayan abinci ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Abin da tsadar ta fi duka kuwa shi ne wanda a ke shigowa da shi daga waje, kamar madarar gari da alkamar da a ke yin fulawa da ita, ko wanda ya ke dogara ga abincin kaji da kuɗin mota, kamar ƙwan gidan gona. Gyaɗa da riɗi da gero su ma sun tashi, ba a musun wannan, amma wanda ya noma abinsa ya ajiye, tashin bai shafe shi ba sai da alheri.

To, wannan ta aljihu ke nan. Ta jiki kuwa mata ne su ke ɗauka, kuma ba a cika faɗinta a majalisar maza ba. A duba daren jajibirin Ƙaramar Salla a gida mai mace biyu da yara goma. An kai azumi ashirin da tara ko talatin cikin zafi, goman ƙarshe kusan babu barci saboda sallar dare da girkin sahur. A wannan dare ɗaya a ke so a yi wa 'yan mata kitso da lalle, a aika yaro ya tsare tela, a gyara kaji, a jiƙa shinkafar waina, a kai markaɗe inji inda layi ya kai bakin titi, a fitar da zakkar kono, sa'an nan kuma a murza cincin a yanka a soya, a fasa ƙwai a buga kek a gasa a cikin tukunya. Mace ta kan kai asuba a gindin murhu, hayaƙi ya cika mata ido. Gari ya waye mutane suna tafiya Idi da sababbin tufafi, ita kuwa ƙafa ta kumbura, baya ya riƙe, abu kaɗan sai faɗa da kishiya ko dukan yaro. Yawancin ɓacin ran da a kan kai gaban iyaye bayan Salla, in aka bi sawunsa, a bakin murhun nan ya faro.

Laifin wannan kuwa, in za a faɗi gaskiya, ya fi yawa a wuyan maza. Tun azumi yana da kwana goma uwargida ta ke cewa, "Malam, ya kamata a fara tanadin kayan Salla." Shi kuwa amsarsa ɗaya ce, "Allah ya kai mu." Sai ana gobe Salla ko jibi ya shigo da leda niƙi-niƙi ya ajiye a tsakar gida, ya koma majalisa yana jin ya sauke nauyi. Alhali kuwa da ya kawo rabin wannan tun mako biyu da suka wuce, da ya saya da arha, domin kowa ya san 'yan kasuwa su kan ƙara kuɗi a makon Salla, da kuma matan sun yi aikin a tsanake. Mata su ma suna da nasu kason, wanda shi ne gasa. Kwanon da za a aika gidan surukai, da wanda zai je gidan maƙwabta, ba don ci a ke cika shi ba, don a buɗe a gani ne. In wance ta sa kek, wance ma sai ta sa, ko da za ta ɗauki adashin da ta ke tara wa ɗiyarta na kayan ɗaki.

A nan ya kamata a kawo wani labari daga ƙasashen Turawa, don yana da abin lura a ciki. A 1944 wani Bature mai suna Donald Watson da abokansa suka kafa wata ƙungiya a Ingila ta mutanen da ba su cin komi da ya fito daga jikin dabba, ba nama kaɗai ba, har madara da ƙwai da man shanu da zuma. Bigan su ke kiran kansu, yanzu kuwa sun yaɗu a Turai da Amurka. In bikin Kirsimeti ya matso, wanda a can shi ne lokacin gasa biskit iri-iri a gida a rarraba wa dangi, sai su shiga neman dabarar yin biskit ba tare da ƙwai da bota ba, suna rubuta littattafai a kai, suna koya wa juna. Suna kuma kuka da irin wahalar da a ke kuka da ita a nan, watau yawan kashe kuɗi da gajiya da gasa tsakanin gidaje. Bahaushe ba shi da rigima da nama, kuma ba wanda zai ce masa ya bar layya ko ya bar fura da nono. Abin lura kawai shi ne, abin da waɗannan mutane su ke nema da fitila, yana nan cikin langar kowace tsohuwa a Falgore tun kafin a haifi Watson. Gireba ba ta da ƙwai, ba ta da madara. Haka kantu, haka dakuwa, haka alkakin da aka yi da sukari.

Masu karatun ajami ba su bukatar a gaya musu daga inda yawancin waɗannan suka zo, gama sunayen da kansu sun faɗa. Alkaki daga ka'ak ne na Larabci, wanda har yau shi ne abin da mutanen Masar su ke gasawa don Ƙaramar Salla. Gireba daga guraiba ce, alewa daga halawa, alkama daga alƙamhu, sukari daga sukkar. Fataken Larabawa na Gadamas da Tarabulus, waɗanda suka zauna a birnin Kano har unguwar Dandalin Turawa ta sami sunanta daga gare su, da irin wannan abinci suka zo. Sai dai a Masar da man shanu a ke yin guraiba, a nan kuwa da man gyaɗa a ke yin gireba, domin shi ne man da ƙasar dalar gyaɗa ta ke da shi a yalwace. Saboda haka wanda ya ke raina gireba don wai ta ƙauye ce, yana ɗaukan kek don na waje ne, ya sani ita ma baƙuwa ce, sai dai ta daɗe har ta koyi zama da abin da ƙasa ta ke bayarwa.

Ga yadda a ke yin ta, don amfanin amaren da suka tashi ba su gani ba. A auna fulawa gwangwani uku, sukari gwangwani ɗaya, man gyaɗa gwangwani ɗaya. Sukarin sai an daka shi ko an niƙa ya yi laushi kamar gari, in ba haka ba zai riƙa yin ƙasa-ƙasa a baki. Man kuwa na matsar gida ya fi, wanda mata masu ƙuli-ƙuli su ke fitarwa, amma a soya shi tukuna a bar shi ya huce don ɗanyen ƙamshinsa ya fita. A tankaɗe fulawa, a haɗa da sukari, a riƙa zuba mai kaɗan-kaɗan ana murzawa da tafin hannu har ya kama jikinsa, in an dunƙula ya zauna bai warware ba. Ba a zuba mata ruwa, sai fa in ta ƙi haɗuwa a yayyafa ɗan kaɗan, kuma rashin ruwan nan shi ne asirin daɗewarta. Sa'an nan a cura ƙanana-ƙanana, ko a danna cikin murfin kwalba ko ƙaramin ludayi don su zo daidai da juna, a dangwala riɗi a bisa.

Gashin ne ya ke ba mata tsoro, don suna zaton sai da tanda irin ta birni mai aiki da lantarki ko gas. Ba haka ba ne. A sami tukunyar ƙarfe mai kauri, a zuba yashi mai tsabta a gindinta kamar kaurin yatsa biyu, a rufe a ɗora a wuta har ta ɗauki zafi. A jera gireba a faranti, a ɗora farantin bisa 'yan duwatsu uku a cikin tukunyar don kada ya taɓa yashin, a rufe, a zuba ɗan garwashi a kan murfin. Wutar ƙasa kuwa a rage ta ƙwarai, gawayi ya fi itace a nan. Cikin misalin sulusin sa'a za ta gasu. Alamarta ita ce ta tsattsage a bisa, gindinta ya yi ja kaɗan, amma jikinta yana nan da haske. Wanda ya jira ta yi ja duka ya ƙona ta. Kada kuma a taɓa ta da zafi, gama a lokacin ta fi ƙwai saurin fashewa, sai ta huce sarai ta ke yin ƙarfi. A garin da a ke da gidan burodi, mata su kan haɗa farantansu su ba yaro ya kai a gasa musu da sauran zafin tandar bayan an kwashe burodi, a biya abin da bai taka kara ya karya ba.

Ba za a ɓoye ba, gireba ita ma fulawa da sukari ta ke ci, su kuwa na kanti ne, alkamar da Nijeriya ta ke ci mafi yawanta daga waje a ke kawo ta. Amma ta sauke abu uku mafi tsada daga kan mai gida. Wanda ya ke so ya rage zuwa kanti fiye da haka, sai ya juya ga sauran. Alkaki da alkamar gida a ke yinsa, irin wadda a ke nomawa da rani a Kadawa da Kura. A barza ta, a kwaɓa da ɗan mai da yis, a bari ta kwana ta yi tsami, a kashe tsamin da ɗan ruwan kanwa, a murza a naɗe, a soya, a tsoma cikin ruwan sukari da aka dafa da tsamiya ko lemon tsami. Tsamin nan ba don ɗanɗano kaɗai a ke sa shi ba, shi ne ya ke hana sukarin komawa ya daskare ya yi fari a jikin alkakin. Wasu su kan sa nono a kwaɓin, masu hali kuma su tsoma a zuma, amma ba dole ba ne. Nakiya kuwa shinkafa ce a ke niƙawa a soya garin, a haɗa da citta da kanumfari da masoro da kimba, a daka da sukarin da aka dafa da mai har ta kama. Tsofaffi sun fi son ta da man shanu da zuma, kuma lalle ta fi ƙamshi haka, amma ta man gyaɗa ba wanda ya taɓa mayar da ita.

Kantu da dakuwa ba su bukatar dogon bayani. Riɗi a wanke shi a rege tsakuwa, a shanya, a soya, a juye cikin narkakken sukari, a baza a yanka tun da zafi. Riɗin nan da Japan da Sin da Turkiyya su ke aiko da kuɗi ana saya musu ta kasuwar Dawanau, shi ne yaro a ƙauye ya ke yatsina wa fuska don an ba shi a madadin biskit ɗin leda. Dakuwa kuwa soyayyar aya ce da gyaɗa, a niƙa a daka da sukari da ɗan yaji. Ga kuma mazarƙwaila, wadda a ke dafawa daga raken fadamun wannan yanki har zuwa Maƙarfi. In an narka ta aka tace, tana tsayawa a madadin sukari a kantu da nakiya, ta ba su launi da wani ɗanɗano da farin sukari ba shi da shi.

Dalilin da ya sa waɗannan su ke daɗewa ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba. Ƙwayoyin da su ke ruɓar da abinci ba su rayuwa sai da laima. Abin da aka soya ko aka gasa har ruwansa ya fita, aka kuma cika shi da sukari, ba su samun wurin zama a ciki. Kek kuwa laimarsa ita ce daɗinsa, ga ƙwai ga madara, saboda haka a zafin Maris, a garin da wutar lantarki ba ta zama balle a yi zancen firji, kwana biyu ko uku ya ke yi ya fara yauƙi. Gireba da kantu su kan yi makonni a cikin langa mai murfi, alkaki haka, nakiya kuwa ta kan yi watanni, shi ya sa a ke sa ta cikin gara, matafiya kuma su ke guzuri da ita. A nan ne maganar zaƙi ta haɗu da maganar hutu. Abin da ya ke jure mako uku ana iya yinsa tun azumi yana tsakiya, a rufe a ɗaga, a fitar da shi daga cikin lissafin jajibiri ɗungum.

Akwai masu cewa wannan duk rowa ce aka yi wa kwalliya, Salla sau biyu ce a shekara, a bar yara su ci abin da su ke marmari. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma wanda Allah ya hore wa, ba wanda ya hana shi gasa kek ɗinsa. Cincin ma, in an soya shi ya bushe, yana jure ajiya, kuma yana yiwuwa da man gyaɗa ba ƙwai ba bota, sai dai ya ɗan fi tauri. Abin ƙi shi ne mai buhu biyar a rumbu ya ce sai ya yi irin na mai albashi. Yara kuwa, duk wanda ya lura da su ran Salla ya san ba su tambayar abin da aka sa a kwaɓi. Abin da ya dame su shi ne aljihun sabuwar riga ya cika, kuma abin da ke ciki kada ya narke ya ɓata ta kafin a gama yawon barka da Salla. A wannan jarrabawa gireba da kantu sun ci, kek ya faɗi.

Wasu matan kuma su kan ce dakan nakiya da murzar alkaki sun fi cincin wuya, to ina hutun? Wannan gaskiya ne in mace ɗaya ce za ta yi duka a rana ɗaya. Amma injin niƙa ya ɗauke rabin aikin turmi, sauran kuwa aikin gayya ne tun asali. Gida uku ko huɗu na dangi su haɗa kai, wannan ta yi gireba da yawa, waccan ta yi alkaki, ta uku ta yi kantu da dakuwa, sa'an nan a rarraba. Kowace ta hura wuta sau ɗaya, kowace ta sami iri huɗu. Ban da sauƙin aiki da na itace, wannan yana kashe gasar da kanta, domin in kwanon kowa iri ɗaya ne, ba sauran abin da za a buɗe a yi gulma a kai.

Sai gargaɗi biyu. Na farko a kan gyaɗa. Gyaɗar da ta sha laima a ajiya ta yi fumfuna tana ɗauke da wani dafi mai lahani ga hanta, wanda masana suka gano bayan da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 saboda tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. Suya ba ta kashe wannan dafi. Saboda haka kafin a yi dakuwa ko a matsa mai, a baza gyaɗar a faifai a tsince duk wadda ta yanƙwane, ko ta canja launi, ko ta yi ɗaci, a zubar, kada a ce a ba kaji. Na biyu a kan sukari. Rashin ƙwai da madara bai mayar da gireba magani ba, zaƙi zaƙi ne. Mai ciwon sukari da tsoho mai hawan jini a ba su soyayyar gyaɗa ko aya, kada kunya ta sa a cika musu gaba da alkaki.

Malamai kuma suna da abin faɗi a wajen tafsiri, tun da a nan ne maza su ke taruwa kowane dare. Abin da shari'a ta ɗora wa mutum a Ƙaramar Salla shi ne zakkar kono, mudun Annabi huɗu na abincin da garin ya fi ci, a kan kowane rai, ga wanda ya ke da rarar abincin yininsa. Layya kuwa a mazhabar Malikiyya sunna ce ga mai iko, ba a ɗora ta ga wanda kuɗin ragon zai taɓa masa larurar shekararsa ba. In abin da addini ya yi umurni da shi an sassauta shi gwargwadon hali, ina dalilin cin bashi a kan abin da ba wanda ya yi umurni da shi sai idon maƙwabta?

Wajen 2030 Ƙaramar Salla za ta koma farkon Fabrairu, cikin sauran sanyin hunturu, rumbuna kuma da ɗan nauyinsu, lissafin zai ɗan sauya. Kafin nan dai tsarin ba shi da wuya. Tun da kaka mai gida ya ware tiya biyu ko uku ta gyaɗa da ta riɗi ya ce na Salla ne, kada a taɓa. In Sha'aban ya raba, ya sayo fulawa da sukari kafin kasuwa ta farga. Mata kuma su sa ranar aikinsu tsakanin sha biyar da ashirin ga azumi, bayan an sha ruwa jiki ya dawo, kafin a shiga goman ƙarshe. A bar komi ya huce sarai kafin a rufe, a shimfiɗa takarda mai tsabta a gindin langa, a raba gireba da alkaki don kada ruwan sukarin wannan ya jiƙa waccan, a ɗora bisa kabad inda tururuwa da hannun yara ba su kaiwa.